MUMMUNAN ZATO A BAKIN KANTI: DARASI DAGA SURATUL HUJURATI

 

Daga cikin abubuwan da kafiran Makka suka soki Manzon Allah da su har da shiga kasuwa. A ganinsu bai kamata a ce Manzo yana cin abinci kamar kowa, ana kuma gamuwa da shi tsakanin masu saye da sayarwa ba. Allah Ta'ala Ya kawo wannan suka nasu a aya ta 7 ta Suratul Furƙani, Ya ba su amsa a aya ta 20 da cewa haka manzannin farko suka kasance. A cikin wannan ayar dai Ya ƙara da bayanin cewa Ya sanya mutane su zama jarrabawa ga junansu. Haɗa ambaton kasuwa da ambaton jarrabawa a aya ɗaya abin lura ne, domin kuwa a masallaci mutum yakan haɗa sahu da waɗanda ya sani, amma a kasuwa yake arba da wanda bai taɓa gani ba, ga dukiya a tsakaninsu. A nan ne abin da ke ɓoye cikin zuciya yake fitowa fili.

Akwai jama'ar da shiga kanti ya daɗe da zame musu jarrabawa ta musamman, watau baƙar fatar ƙasar Amurka. A can ne aka fara gina irin manyan kasuwannin nan na zamani inda ake tara kantuna masu yawa ƙarƙashin rufi ɗaya, da sanyin na'ura da filin ajiye motoci. Wadda ake ƙirgawa ta farko ita ce Southdale a jihar Minisota, wadda aka buɗe a 1956. A irin waɗannan wurare babu tayi, babu albarka. An liƙa wa kowane kaya kuɗinsa, mai saye ya ɗauka da hannunsa ya je ya biya. Sai a zaci inda babu ciniki da baki babu ƙofar wulaƙanci. Amma abin da baƙar fata suka daɗe suna kuka da shi shi ne, da zarar ɗayansu ya sa ƙafa sai mai gadi ya bi bayansa daga wannan layi zuwa wancan. Ya tambayi kuɗin abu mai tsada, a nuna masa mai araha. Ya zo fita, a tare shi a ce ya nuna rasit, alhali na gabansa sun wuce ba wanda ya ce musu uffan. A cikin watan Yuli na 1913 ba wanda zai yi mamakin jin haka, amma a Yulin 2013 ne shugaban ƙasar na lokacin, Barack Obama, ya faɗa a bainar jama'a cewa kaɗan ne daga cikin mazan baƙar fata ba a taɓa bin bayansu a babban kanti ba, kuma shi kansa an yi masa.

Kafin 1964 abin ba a ɓoye yake ba. A jihohin kudu doka da al'ada sun raba wurin zama da wurin shan ruwa da makewayi. Kantunan Woolworth, alal misali, suna karɓar kuɗin baƙar fata in ya sayi allura ko littafin rubutu, amma ba ya da ikon zama a kujerun wurin cin abinci da ke cikin kantin. Ran 2 ga Yuli, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a masaukai da gidajen abinci da gidajen mai da na kallo. Sai dai wannan doka ba ta ambaci kantunan sayar da kaya da suna ba. Wanda aka wulaƙanta a kanti yakan dogara ne ga dokar jiharsu in akwai, ko kuwa ga wata tsohuwar doka ta 1866 wadda ta ba kowa haƙƙin ƙulla ciniki daidai da farar fata. Alƙalai da yawa kuwa sun fassara ta da cewa muddin an sayar wa mutum abin da ya zo saye, to ba a tauye masa haƙƙin ciniki ba, ko da an yini ana binsa da ido kamar ɓarawo. Doka ta iya buɗe ƙofa, ba ta iya taɓa abin da ke zuciyar mai tsaron ƙofar ba.

Wani lokaci ma tun daga hanya ake tare mutum. An gina yawancin kasuwannin nan a unguwannin bayan gari inda masu hali, galibinsu farar fata, suka ƙaura. Kusa da birnin Buffalo a jihar Niyok akwai wata da ake kira Walden Galleria, wadda ba a yarda bas ɗin da ke tasowa ta unguwannin baƙar fata ta shiga harabarta ba, alhali motocin 'yan yawon saye daga Kanada suna shiga. Sai bas ta sauke mutane a ƙetaren wani titi mai layi bakwai. A Disamban 1995 wata yarinya 'yar shekara 17, mai jariri, wadda ke aiki a wani wurin sayar da abinci na cikin kasuwar, tana ƙetare titin babbar mota ta take ta, ta rasu farkon Janairun 1996. Bayan mutuwarta aka bar bas ta shiga. A 1999 aka daidaita a kan diyyar dala miliyan 2.55 ga ɗanta.

Cikin Afrilun 2013 wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya shiga kantin Barneys a birnin Niyok ya sayi bel na kimanin dala 350 da katin bankinsa. Bai yi nisa ba 'yan sandan farin kaya suka tare shi, suka sa masa ankwa suka kai shi ofishinsu, bisa zaton irinsa ba zai mallaki wannan kuɗi ba. Da aka tabbatar katin nasa ne aka sake shi. Babban lauyan jihar ya bincika, a Agustan 2014 kamfanin ya yarda ya biya dala 525,000, kantin Macy's kuma dala 650,000 saboda irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe.

Wanda ya fi kowanne ban tausayi a wannan babi shi ne na ran 5 ga Agusta, 2014, a kantin Walmart na garin Beavercreek a jihar Ohayo. Wani matashi ɗan shekara 22, John Crawford, ya ɗauki bindigar iska irin ta harbin tsuntsu daga kan kanta, cikin kayan da kantin da kansa ke sayarwa, yana tafe da ita yana magana a waya. Wani mai sayayya ya hange shi, ya buga wa 'yan sanda waya ya ce ga baƙar fata nan yana auna mutane da bindiga. 'Yan sanda suka iso suka harbe shi cikin 'yan daƙiƙoƙi. Hoton kyamarar kantin bai nuna ya auna kowa ba, shi ma mai bugun wayar daga baya ya janye wannan ɓangare na maganarsa. Wata mata da ke gudu da 'ya'yanta saboda firgici zuciyarta ta buga ta mutu. Rai biyu ke nan a kan labarin da ba a tantance ba.

Mai karatu da ya san Suratul Hujurati, sura ta 49, zai ga kamar don wannan rana aka saukar da aya ta 6. A cikinta Allah Ya umurci muminai da su bincika labarin da marar amana ya kawo kafin su yi aiki da shi, don kada su cuci mutane cikin rashin sani su wayi gari suna nadama. Mafi yawan masu tafsiri sun ce ta sauka ne a kan Walidu ɗan Uƙuba, wanda aka aika karɓar zakka wurin Banul Musɗaliƙ. Da ya hango sun fito taryensa sai tsoro ya kama shi saboda wata tsohuwar gaba, ya juya ya ce sun hana zakka suna neman ransa. Da ba don an bincika ba da an yaƙi mutanen da suka fito girmama baƙo. Tsohon tsoro ne ya gaya wa idonsa abin da zai gani.

Jerin ayoyin wannan sura shi kansa darasi ne. Aya ta 11 ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili ko su jefe su da sunayen banza. Aya ta 12 ta hana yawan zato, ta biyo da hana bin diddigin mutane, sa'an nan giba. Haka kuwa cutar take tafiya a zahiri: raini shi ke haifar da zato, zato ya sa a bi mutum a baya, in ya fita kuma a zauna a ci namansa. Kalmar da aka yi amfani da ita wajen bin diddigi, watau tajassusi, asalinta a Larabci shi ne lalube da hannu, kamar yadda likita ke taɓa jijiya don ya ji bugunta. Daga nan aka samo sunan jasusi, ɗan leƙen asiri. Mai gadin da ke laɓewa bayan kanta yana leƙen wanda bai yi kome ba, sunan aikinsa ke nan. Bayan waɗannan duka sai aya ta 13 ta bar kiran muminai kawai ta kira mutane baki ɗaya, ta tuna musu asalinsu ɗaya ne, an yi su al'ummai da ƙabilu ne don su san juna, fifiko kuwa a wurin Allah da taƙawa yake. Sigar kalmar sanin junan nan, ta'arufi, a ilmin sarfu tana nuna aikin da ɓangare biyu ke yi wa juna. Wanda ya dubi fatar mutum ya yanke masa hukunci tun daga ƙofa ya rufe wannan hanya, domin yana ganin ya riga ya san shi.

To, mai kanti yana da tasa hujjar, kuma adalci ne a saurare ta. Zai ce sata a kanti gaskiya ce, asara kuwa shi ke ɗauka, rigakafi ya fi magani. Musulunci bai ce mutum ya yi sakaci da dukiyarsa ba. Tsare dukiya yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyaye su. Ayar ma ba dukan zato ta hana ba, cewa ta yi sashensa zunubi ne. Malamai irin su Alƙurɗubi sun bambance: zaton da ke da alama bayyananna a kan wani mutum ayyananne ya halatta a yi aiki da shi, wanda ba shi da alama kuwa haramun ne. Wanda aka gani yana cusa kaya cikin riga, a tare shi. In za a duba rasit, a duba na kowa. Malamin nan na Malikiyya, Ibnu Farhun, wanda ya rasu a 799 bayan Hijira, a littafinsa Tabsiratul Hukkami ya kasa wanda ake tuhuma gida uku: wanda aka sani da kirki, da wanda aka sani da ɓarna, da wanda ba a san halinsa ba. Na farko ba a taɓa shi, har ma akwai maganar a ladabtar da wanda ya tuhume shi. Abin lura shi ne dukan rabon nan a kan halin mutumin kansa aka gina shi. Babu gida na huɗu da aka ware wa launi ko ƙabila. Asali a shari'a kowa kuɓutacce ne, mai da'awa shi ke kawo shaida.

In mai kanti ya ce ai yawancin waɗanda muke kamawa baƙar fata ne, sai a tambaye shi su wa yake kallo. Mai gonar da ya kafa tarko a kusurwa ɗaya ba zai kama ɓeran sauran kusurwoyi ba, sa'an nan ya zo yana rantsuwa cewa ɓeraye daga gabas kawai suke shigowa. Zato ke sa ido, ido ya kawo kamu, kamu ya koma ya ƙarfafa zato, na gefe kuwa yana ta ɗiba. An yi tsammanin na'ura za ta raba gardama tun da ba ta da zuciya. Daga 2012 zuwa 2020 kamfanin kantunan magani na Rite Aid ya kafa kyamarori masu gane fuska don su nuna waɗanda aka taɓa zargi da sata. A Disamban 2023 hukumar kula da ciniki ta tarayyar Amurka ta hana shi amfani da su har shekara 5, bayan ta ce na'urar ta yi ta nuna mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, kuskuren kuma ya fi yawa a unguwannin baƙar fata da 'yan Asiya. Har wata yarinya 'yar shekara 11 aka tare aka caje.

A Madina ma an taɓa yin irin wannan. Masu tafsiri da yawa sun kawo cewa wani daga Banu Ubairiƙ, mai suna Ɗu'uma, ya saci sulke a cikin buhun gari, ya kai ajiya gidan wani Bayahude. Garin da ke zuba ya ja masu nema har ƙofar Bayahuden. Dangin ɓarawon suka zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suna neman ya wanke ɗan'uwansu, sun tabbata kowa zai fi saurin yarda Bayahude ne ya yi. Sai Allah Ya saukar da ayoyi daga ta 105 a Suratun Nisa'i, Ya wanke wanda ba Musulmi ba, Ya tona asirin Musulmi, a aya ta 112 kuma Ya bayyana girman zunubin jefa laifi a kan marar laifi.

Laifi tudu ne, in ji masu magana. Kada Musulmi ya karanta wannan ya ɗauka cutar Turawa ce kaɗai. Abu Zarri, Allah Ya yarda da shi, da dukan darajarsa, ya goranta wa wani mutum da uwarsa, Annabi ya gaya masa akwai sauran jahiliyya tare da shi. Buhari ya ruwaito, wasu masu sharhi kuma sun ce Bilalu ne mutumin. Har yau a bakin wasu masu jin Larabci kalmar da ke nufin bawa ita suke kiran baƙar fata da ita. A biranen Amurka kuma ƙananan kantuna masu yawa a unguwannin baƙar fata na Musulmi ne 'yan ci-rani. A ƙofar irin wannan kanti, na wasu 'yan asalin Falasɗinu, aka kashe George Floyd a Minneapolis ran 25 ga Mayu, 2020, bayan an kira 'yan sanda a kan takardar dala 20 da ake zaton jabu ce. Alhakin ran yana kan ɗan sandan da ya danne masa wuya, wanda kotu ta kama da laifin kisa a Afrilun 2021. Zaton kuma a nan yana da alama, ba na launi kawai ba ne. Duk da haka yaron kantin ɗan shekara 19 da ya karɓi kuɗin ya shaida wa kotu cewa ƙa'idar wurin ita ce in ma'aikaci ya karɓi jabu daga albashinsa za a cire, ya kuma ce nadama ta kama shi da ya ga abin da ya biyo baya. A cikin Muwaɗɗa akwai labarin Safwanu ɗan Umayya da ya kai ɓarawon mayafinsa gaban Annabi, da ya ga hukunci ya yi nauyi ya ce ya yafe, aka nuna masa lokacin yafewa shi ne kafin ya kawo shi. Ɗan kasuwar da ya san irin hannun da zai miƙa mutum a ciki, wajibi ne ya auna dala 20 da abin da ka iya faruwa.

'Yan kasuwar Nijeriya masu zuwa sarin kaya ƙasar Sin su ma sun ɗanɗana. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, aka yi wa 'yan Afirka kuɗin goro a birnin Guangzhou: aka fitar da wasu daga gidajen haya da masaukai, aka hana su shiga kantuna, wani reshen McDonald's har ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga, daga baya kamfanin ya nemi gafara. Gwamnatin Nijeriya ta kira jakadan Sin ta nuna masa ɓacin ranta. Alhajin da ya ji zafin wannan a can, in ya dawo kantinsa baƙauye ya shigo da tsohuwar riga ko makiyayi da sandarsa, ya san abin da yaransa ke nufi in suka tashi tsaye suna bin mutumin da ido.

Shi kuwa wanda aka wulaƙanta, shari'a ba ta ce ya haɗiye ba. Aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya, Suratush Shura kuma ta ba shi damar neman haƙƙinsa daidai da abin da aka yi masa, tare da kwaɗaitar da shi ga yafewa. Abin da ba shi da dama shi ne ya rama kuɗin goro da kuɗin goro. A Maris na 1991 wata mai kanti 'yar asalin Koriya a Los Anjalis ta zargi wata yarinya baƙar fata 'yar shekara 15 da satar kwalbar ruwan lemo ta dala 1.79, alhali dala 2 na hannun yarinyar. Suka yi kokawa, yarinyar ta ajiye kwalbar ta juya za ta fita, matar ta harbe ta a ƙeya. Kotu ta kama ta da laifi amma ba ta ɗaure ta ba. Zalunci ne a kan zalunci. Amma da tarzoma ta ɓarke a birnin ƙarshen Afrilun 1992 aka ƙone ko aka wawashe kantunan 'yan Koriya fiye da 2,000, na mutanen da ba su harbi kowa ba. Wannan shi ne ainihin hukunci da launi, sai dai ya sauya hannu, alhali aya ta 164 ta Suratul An'ami ta tabbatar ba a ɗora wa wani nauyin wani.

Hanyar da ta fi kusa da shari'a ita ce wadda ɗalibai huɗu suka bi a garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa. Ran 1 ga Fabrairu, 1960, Ezell Blair da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond suka shiga Woolworth, suka sayi man goge baki da 'yan kayan makaranta, suka riƙe rasit ɗinsu, sa'an nan suka zauna a kujerun da aka hana su suka nemi a ba su gahawa. Aka ƙi, suka zauna har aka tashi. Kashegari suka dawo da fiye da mutum 20, kafin mako ya ƙare sun zama ɗaruruwa, jama'a kuma suka ƙaurace wa kantin. Ba su fasa gilashi ba, ba su ɗauki tsinke ba, ko da ana zaginsu ba su rama ba. Da ciniki ya faɗi ƙwarai, ran 25 ga Yuli na wannan shekara manajan ya ce wa wasu ma'aikatansa baƙar fata su tuɓe kayan aiki su zauna a kawo musu abinci, su ne farkon waɗanda aka ba. Ginin ya zama gidan tarihi tun 1 ga Fabrairu, 2010. Ezell Blair kuwa ya musulunta a 1968, ya ɗauki sunan Jibril Khazan.